Tarihin Sankarar Huhu da Dakarun Cikin Jini

Ran 6 ga watan Fabrairu, 1952, labari ya bazu ko'ina cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila, har da Nijeriya, cewa Sarki Joji na Shida ya rasu yana barci, shekarunsa 56. Kafin nan, cikin watan Satumba na 1951, likitoci sun yi masa aiki sun cire huhunsa na hagu ɗungum, saboda wani tsiro da suka gani a ciki. Sarkin kuwa mashayin sigari ne na gaske. Ciwon da ya sa aka yi masa wannan aiki shi ne sankarar huhu, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na huhu. A zamanin nan duk dukiyar Ingila da gwanintar likitocinta ba su da abin yi wa mai wannan ciwo in ban da wuƙa da gashi da wani irin haske. Shekara sittin da 'yan kai suka wuce kafin a sami wata hanya sabuwa, ita ce ta tayar da dakarun da ke cikin jinin mutum su yaƙi ciwon da kansu.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san mene ne sankara. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Kowace ƙwaya tana da ƙa'idar da ta ke bi: ta girma, ta rabu biyu in da bukata, ta mutu in lokacinta ya yi. Wannan ƙa'ida a rubuce ta ke cikin ƙwayar. In rubutun ya ɓaci, sai ƙwayar ta yi ta haihuwa ba tsayawa, 'ya'yanta su taru su zama tsiro, tsiron ya danne abin da ke kusa da shi, daga baya waɗansu su ɓalle su bi jini su yi zango cikin hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce sankara.

Yadda Ciwon Ya Yawaita

A da can sankarar huhu ba ta da yawa. A 1912 wani likita na birnin Niyok, Isaac Adler, ya tattara labarin duk masu ita da ya samu cikin littattafan likitoci na duniya, bai sami fiye da mutum 374 ba. Amma tun kafin ya rubuta littafinsa an riga an shuka abin da za a girba. A 1881 wani saurayi Ba'amurke, James Bonsack, ya sami takardar mallakar wani inji mai naɗa sigari wajen kara 200 cikin minti guda, alhali gwanin naɗi da hannu ba ya wuce 'yan ƙalilan. Sigari ya yi araha. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sai aka riƙa raba wa soja shi tare da abinci, suka koma gida da al'adar. Da ya ke ciwon yana ɗaukar shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana, sai wajen 1930 zuwa 1940 likitoci suka fara ganin majinyata suna ta ƙaruwa.

Aka yi ta gardama a kan dalili. Waɗansu suka ce hayaƙin motoci ne, waɗansu suka ce kwaltar da a ke shimfiɗawa bisa hanyoyi ce. Richard Doll da Bradford Hill na Landan suka sa aka zaga asibitoci 20 ana tambayar majinyata yadda su ke zaune. A 1950 suka buga abin da suka samu: cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu kaɗai ne ba su shan taba. Doll kansa mashayi ne, ganin haka ya bari. Cikin shekarar nan kuma Ernst Wynder da Evarts Graham suka sami irin wannan sakamako a Amurka. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 85 cikin 100 na masu wannan ciwo taba ce sanadinsu, domin hayaƙinta yana ɗauke da abubuwa wajen 70 masu ɓata rubutun nan da ke cikin ƙwayoyi.

Shi Graham ɗin nan shi ne likitan da ya fara cire huhu guda gaba ɗaya saboda sankara majinyaci ya rayu, a 1933, a birnin San Luwis. Majinyacin nasa ya ƙara shekara talatin a duniya, amma shi Graham, wanda ya daɗe yana shan sigari, sankarar huhu ce ta kashe shi a 1957. Wuƙa tana aiki ne in an kama ciwon da wuri, galibi kuwa ba a kama shi da wuri, domin tsokar huhu ba ta jin zafi, tsiro ya kan girma shiru. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙaro magunguna masu dafi waɗanda ke kashe duk ƙwayar da ke saurin haihuwa, mai kyau da maras kyau. Duk da haka, har farkon wannan ƙarni, in ciwon ya riga ya bazu, da ƙyar mutum 5 cikin 100 ke kai shekara biyar.

Likitan da Ya Yi Magani da Zazzaɓi

Tunanin cewa jiki zai iya yaƙar sankara ya girmi duk wannan. Wajen 1890 wani likita matashi a Niyok, William Coley, yana binciken tsofaffin takardun asibiti, sai ya ci karo da labarin wani Bajamushe mai sankara a wuya. An yanke ta sau da yawa tana dawowa, har likitoci suka fid da rai. Sai wani ciwon fata mai ja da kumburi ya kama shi a wurin yankan, ya yi zazzaɓi mai tsanani. Da zazzaɓin ya sauka, sai aka ga tsiron ya narke. Coley ya bi unguwannin talakawa gida gida yana cigiya, har ya sami mutumin da ransa, lafiya lau, bayan shekara bakwai.

A 1891 Coley ya ɗauki ƙwayoyin wannan cuta ya sa wa wani majinyaci Ba'italiye da gangan. Mutumin ya sha wuya kamar ba zai tashi ba, amma tsironsa ya ja da baya, ya ƙara shekara takwas. Daga baya Coley ya koma amfani da matattun ƙwayoyin cuta don rage hatsari, ya yi wa ɗaruruwan mutane. Waɗansu suka warke, da yawa ba su warke ba, shi kansa kuma bai iya faɗin dalili ba. Da gashi da haske ya samu karɓuwa, sai likitoci suka watsar da hanyarsa. Ya rasu a 1936. 'Yarsa, Helen Coley Nauts, ita ta tattara takardunsa, a 1953 ta kafa ƙungiyar taimakon masu bincike a kan wannan fanni.

Masana ba su bar zancen ya mutu ba. A 1909 Paul Ehrlich na Jamus ya ce da ba don jiki yana kashe ɓatattun ƙwayoyi ba, da sankara ta fi haka yawa. A ƙarshen shekarun 1950 Macfarlane Burnet na Ostireliya da Lewis Thomas na Amurka suka sake tayar da maganar, suka ce lalle akwai masu sintiri cikin jiki. Sai dai ba wanda ya san ko su wane ne masu sintirin.

Gano Dakarun

A bayan ƙashin ƙirji, bisa zuciya, akwai wani ɗan kulun nama da likitoci ke kira taimos. Yana da girma ga yaro, in an balaga sai ya yi ta shanyewa. Saboda haka likitocin da suka ɗauka ba shi da wani amfani. A 1961 wani saurayi mai shekara 30, Jacques Miller, haifaffen Faransa wanda ya yi karatu a Ostireliya, yana bincike a Landan, ya cire wa jariran ɓeraye wannan nama ran da aka haife su. Ɓerayen suka taso a rame, cututtuka suka yi musu yawa, wani irin fararen ƙwayoyin jini suka yi ƙaranci a jikinsu. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ya ɗauko fatar wani baƙon ɓera ya manna musu, sai ta kama ta zauna, alhali lafiyayyen ɓera jikinsa ba ya karɓar fatar baƙo. Nan aka gane taimos shi ne barikin da a ke horar da masu tsaron jiki.

A 1965 Max Cooper, yana aiki da kaji a Amurka, ya nuna masu tsaron nan ƙungiya biyu ne. Ta farko, ƙwayoyin B, su ne masu harba wani irin makami cikin jini daga nesa. Ta biyu, waɗanda suka fito daga taimos, aka sa musu suna ƙwayoyin T, su ne masu zuwa gaba da gaba.

Ga yadda aikinsu ya ke. A cikin ɓargo a ke haifarsu, sa'an nan su tafi taimos. A can a kan jarraba kowanne: wanda ba ya iya gane kome a zubar da shi, wanda kuma ya nuna zai auka wa jikin da ya haife shi a kashe shi. Fiye da 90 cikin 100 ba su fita da rai. Waɗanda suka ci jarrabawa su ke bazuwa cikin jini da kaluluwa suna yawo. A 1974, a birnin Kanbera, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka gano yadda su ke bincike. Kusan kowace ƙwaya ta jiki tana kafa ɗan guntun abin da ta ke ƙerawa a ciki bisa bayanta, kamar yadda mai gida ke nuna wa ɗan doka takardar haraji a bakin zaure. Ƙwayar T ta zo ta duba. In takardar daidai ta ke, ta wuce. In ta ga baƙon abu, sai ta manne wa ƙwayar, ta huda ta, ta zuba mata dafi, ta mutu. Akwai masu kisa, akwai mataimaka masu kiran gayya, akwai kuma masu tsawatarwa waɗanda ke hana sauran wuce gona da iri. Waɗannan na ƙarshe Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana su a 1995, a 2025 kuma shi da waɗansu biyu suka sami lambar Nobel saboda wannan fanni.

To, tun da rubutun ƙwayar sankara ya ɓaci, abin da ta ke kafawa a bayanta ma ya kan saɓa da na lafiyayyu. A 1991 Thierry Boon da abokan aikinsa a Beljiyam suka fara nuna irin wannan alama a sankarar mutum, wadda ƙwayoyin T ke iya ganewa.

Me Ya Sa Ba Su Gama da Ita?

In haka ne, me ya sa mutane ke mutuwa da sankara? Wannan tambaya ta kusa kashe zancen. A 1974 wani masani, Osias Stutman, ya nuna ɓerayen da aka haifa ba taimos ba su fi sauran kamuwa da sankara ba. Masana da yawa suka juya baya. Daga baya ne aka gane ɓerayen nan suna da sauran waɗansu masu tsaro. A 2001 Robert Schreiber da abokan aikinsa suka sake gwajin da ɓerayen da aka raba da tsaro sosai, sai ga sankara ta yi musu yawa.

Schreiber ya kasa al'amarin mataki uku. Da farko dakaru suna kashe ɓatattun ƙwayoyi tun ba wanda ya sani. Sa'an nan a zo lokacin kare jini biri jini, tsiro bai mutu ba, bai kuma girma ba, wannan kuwa ya kan ɗauki shekaru. A ƙarshe, da ya ke masu saukin ganewa duk an kashe su, sai masu wayon ɓuya su rage, su hayayyafa. Waɗansu su daina kafa takardarsu sam. Waɗansu su jawo masu tsawatarwa su kewaye kansu da su. Dakarun da suka shiga cikin tsiron kuma, don daɗewa suna faɗa ba hutu, sai su gaji, ƙarfinsu ya ragu.

Game da huhu, gwaje-gwajen farko duk sun ƙare da baƙin ciki. Cikin shekarun 1970 an gwada zuba BCG, watau allurar rigakafin tarin fuka, cikin ƙirjin waɗanda aka yi wa aiki. Da farko kamar da alama, amma da aka gwada ga mutane masu yawa ba a ga amfani ba. A 2014 ma wani babban gwajin allura, mai mutum fiye da 2,000, ya tashi a banza. Likitoci da dama suka yanke cewa sankarar huhu ba irin wadda tsaron jiki ke gani ba ce.

Linzami Biyu

Duk waɗannan gwaje-gwaje ƙaimi su ke sa wa doki. Ba a lura ba cewa an ja masa linzami.

A 1987 waɗansu masana a birnin Marsai na Faransa suka ga wani abu a bayan ƙwayoyin T, suka sa masa suna CTLA-4. James Allison, mutumin Teksas, wanda mahaifiyarsa ta rasu da sankara yana ɗan shekara 11, yana cikin waɗanda suka tabbatar cewa abin nan linzami ne, aikinsa tsayar da ƙwayar T. Sai ya yi tunani, in an toshe linzamin fa? A ƙarshen 1994, a Jami'ar Kalifoniya, ya gwada ga ɓeraye masu tsiro. Waɗanda aka yi wa allurar tsironsu ya narke, sauran kuwa nasu ya ci gaba da girma. Ya buga labarin a 1996. Ya daɗe yana neman kamfanin da zai ƙera maganin domin mutane, sai wani ƙarami ya yarda. A 2011 Gwamnatin Amurka ta ba da iznin amfani da shi, sunansa ipilimumab, ga wata muguwar sankarar fata.

Linzami na biyu a Japan aka gano shi. A 1992, a Jami'ar Kiyoto, Tasuku Honjo da almajiransa suka sami wani abu suka kira shi PD-1, ba su san aikinsa ba. Suka hayayyafa ɓerayen da ba su da shi, suka zuba ido. Da ɓerayen suka manyanta, sai dakarunsu suka auka wa gaɓoɓinsu da ƙodarsu, waɗansu kuma zuciyarsu. A 1999 da 2000 aka gano hannun da ke jan wannan linzami, aka sa masa suna PD-L1. Lafiyayyun ƙwayoyi suna nuna shi ne don kada a cuce su lokacin da faɗa ya yi zafi, kamar takarda mai hatimin sarki wadda dogari in ya gani dole ya mai da takobi kube. A 2002 aka nuna cewa ƙwayoyin sankara su ma suna ɗaga wannan hatimi. Aka ƙera magunguna masu shiga tsakanin PD-1 da PD-L1, yadda dogari ba zai ga hatimin ba.

Gwaji a Kan Huhu

A 2012 Suzanne Topalian da Julie Brahmer na asibitin Johns Hopkins, tare da waɗansu, suka ba da labarin gwajin wani magani irin wannan, nivolumab. Cikin masu sankarar huhu 76 waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, tsiron mutum 14 ya ragu ƙwarai, na waɗansu kuma ya daɗe bai dawo ba. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya rushe maganar da a ke yi a da.

Aka shirya gwaji na sosai da mutum 272, aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi aka ba su sabon magani, rabi tsohon mai dafi. Bayan shekara guda, 42 cikin 100 na masu sabon suna da rai, na masu tsohon kuwa 24. A watan Maris na 2015 Amurka ta yarda da nivolumab domin sankarar huhu. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji na mutum 305, waɗanda rabin ƙwayoyin tsironsu ko fiye ke ɗauke da PD-L1. Aka ba rabinsu pembrolizumab tun farko. Da aka bi sawunsu shekara biyar, wajen 32 cikin 100 suna nan, a ɗaya rukunin kuwa 16. A 2018 Allison da Honjo suka raba lambar Nobel. A 2022 aka nuna in an haɗa nivolumab da magani mai dafi kafin a yi aiki, mutum 24 cikin 100 ba a samun ko ƙwayar sankara guda mai rai cikin abin da aka yanko, alhali da mai dafi kaɗai mutum 2 ne. A 2024 kuma aka yarda da tarlatamab, magani mai hannu biyu, ɗaya ya kama ƙwayar T, ɗaya ya kama ƙwayar sankara ya haɗa su, domin wani irin sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi da saurin yaɗuwa.

Wani abin lura ya fito a 2015, daga binciken Naiyer Rizvi da abokan aikinsa a Niyok. Tsiron da rubutunsa ya fi ɓaci shi ya fi jin maganin, domin yawan ɓaci yawan baƙin alamu ke nan, dakaru sun fi saurin gane shi. Tsiron mashayin taba ya kan ninka na wanda ba ya sha wajen sau goma a yawan ɓaci. Shi ya sa waɗansu masu ciwon da ba su taɓa shan taba ba wannan magani bai cika yi musu aiki ba, akwai waɗansu ƙwayoyin sha da suka fi dacewa da su. Kada mashayi ya ɗauki wannan abin fariya, gama tabar ce ta jawo masa ciwon tun farko.

Abin da Ya Rage

Har yanzu mafi yawan waɗanda ciwonsu ya bazu ba su samun waraka mai ɗorewa. Ga waɗansu dakaru ba su shiga cikin tsiron ko kaɗan, ga waɗansu magani ya yi aiki shekara guda ko biyu sa'an nan ciwon ya sami wata kafar. Dokin da aka cire wa linzami kuma ba ya zaɓen gonar da zai shiga: dakarun su kan auka wa fata, da hanji, da hanta, da maƙoshi, har da huhun kansa, wani lokaci sai an dakatar da magani an ba da wani mai kwantar da su, waɗansu kuma su kan rasa ransu. Ga kuma tsada, domin a Amurka kuɗin maganin shekara guda ya haura dala 100,000. A 2022 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka kamu da sankarar huhu a duniya, wajen miliyan 1.8 suka mutu da ita, ba wata sankara da ta kai ta kisa.

Saboda haka abin da Doll ya gano bai tsufa ba. Daga 1951 shi da abokan aikinsa suka bi sawun likitocin Ingila maza fiye da 34,000 har shekara hamsin. Suka tarar mashayi ya kan rasa wajen shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana ɗan 30 ya kan tsira da kusan dukkansu, wanda ya bari yana ɗan 50 ya kan tsira da wajen 6. Rigakafi ya fi magani.

A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, irin su Nijeriya da Nijar, sau da yawa a kan ɗauki sankarar huhu a matsayin tarin fuka, domin alamunsu sun yi kama: tari mai daɗewa, jini cikin majina, rama, ciwon ƙirji. Duk wanda tari ya wuce masa mako uku, ko ya ga jini, ya tafi asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Wanda kuma ya sha maganin tarin fuka yadda aka umurce shi bai ga sauƙi ba, ya koma ya gaya wa likita a sake dubawa, musamman in ya taɓa shan taba.